Giwa Babu 'Yarta

Ku da kuke bin labarina, yau ba da kuka zan fara ba. Yau abin mamaki na gani, kuma har yanzu da nake rubuta muku jikina bai gama dawowa daidai ba. Wanda bai san ni ba kuwa, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da shida. Mijina ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ni da 'ya ɗaya mai shekara biyar. Ɗigo muke ce mata, saboda ƙanƙantar da ta zo da ita duniya. Muna zaune a gidan Innata, a ɗakin da na yi 'yammatanci, ina ɗinkin kayan 'yan makaranta a keken da ke bakin taga.

Sai kuma Mai Firij. Abokin Yayana ne, sana'arsa gyaran firij a manyan kantuna. Wata huɗu ke nan yana neman aurena. Sau uku ya zo gidanmu, duk a falo, duk da Yaya a zaune yana latsa waya kamar ba ya saurare. Dogo ne, mai sanyin magana, yana da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Ban taɓa bari ya ga Ɗigo ba. Tun zuwan farko na ce masa, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Kada a saye min 'ya da kyauta." Ya ce, "An gama." Daga ranar ko alewa bai aiko ba, ni kuma na fassara hakan da cewa dama bai damu da ita ba.

Jiya Juma'a da hantsi ina kafa aljihu a wata riga, Inna ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ɗauki wani ƙyalle tana ninkewa tana warwarewa. In ta yi haka na san da magana.

"Auta, mutumin nan fa ba dutse ba ne. Yayanki ya ce jibi yake son amsa."

"Inna, ina tunani."

"Tunanin wata huɗu? Ko shari'a ce ai da an yanke. Mutum mai sana'a, mai sallah, bai taɓa aure ba ya ce ke yake so."

"To Ɗigo fa?"

"Ɗigo tana nan inda take. Me ya ci ta a gidan nan? Saurayi ne fa, Auta. Ba ki shiga gidan saurayi da agola a hannu ranar farko."

"Shi ya faɗa?"

"Sai ya faɗa? Ke yarinya ce?"

Ta tashi ta fita. Na ci gaba da taka keke, ɗinkin ya karkace, na farke, na sake. Sai da ƙafata ta taɓa wani abu mai laushi na tuna Ɗigo tana ƙarƙashin teburin, inda take jera dabbobinta.

Bari in gaya muku labarin dabbobin nan, don su ne tushen komai. Akwai wani babban kantin rangwame a ƙarshen titinmu, tafiyar minti ashirin. Wata biyu da suka wuce suka fito da wani salo: in sayayyarka ta kai wani adadi, mai karɓar kuɗi ta miƙo maka 'yar leda a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. A ciki dabbar roba ce, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Dabbobi goma sha biyu, kowace uwa da ɗanta, ashirin da huɗu ke nan, da kwali mai gurbi-gurbi da ake jera su. Ban san wanda ya zauna ya ƙera su ba, amma Allah ya yi masa baiwa. Raƙumin dawa har da gashin ido. Zakanya in ka juya ta, za ka ga taushin tafin ƙafarta. Ni da nake ɗinki na san wahalar ƙaramin aiki, sau da yawa in Ɗigo ta yi barci da rana nakan ɗauki ɗaya in yi ta kallo.

Ban taɓa sayen abin da ba mu buƙata don leda ba, kada ku zarge ni. Dabara nake yi. Ranar Laraba da ƙarfe huɗu suke liƙa sitika ruwan ɗorawa a kan kayan da suka kusa kwana, madara, ƙwai, burodi. Sai in haɗa da shinkafa da sabulun Inna da man girkin matar Yaya, in biya a rasit ɗaya, in fito da leda huɗu. Da haka Ɗigo ta cike gurbi ashirin da uku. Ɗan kunkuru kuwa ya fito mana sau bakwai. 'Yar giwa ce kawai ta ƙi fitowa.

To jiyan, bayan fitar Inna, na leƙa ƙarƙashin tebur. Ɗigo ta ajiye uwar giwa ita kaɗai a gefe, ta juya mata fuska wajen bango.

"Me ta yi aka hukunta ta?" na ce, ina ƙoƙarin dariya.

"Ba ta yi komai ba." Ta ɗago ido. "Umma, ita ma aure ta yi aka bar 'yarta a gidan Inna?"

Jama'a, allura ta sha sukata, ban taɓa jin zafi irin wannan ba. Na janyo ta na rungume, na ce babu mai raba ni da ita. Ta ce, "To ina 'yar giwar?" A nan na yanke abu biyu. Na ɗaya, jibi zan ce wa Yaya a'a. Na biyu, gobe Asabar zan kai Ɗigo teburin musayar dabbobin da ake kafawa a kantin, wanda nake jin labari ban taɓa zuwa ba saboda cunkoso da yawan aiki.

Da yamma saƙonsa ya shigo kamar kullum: "Maman Ɗigo, barka da yamma. Ya aiki? Ya mutuniyar?" Na rubuta, "Lafiya." Na kife wayar.

Yau da safe na sa doguwar rigata ruwan toka da baƙin mayafi, na sa wa Ɗigo rigarta mai aljihu biyu da na ɗinka mata da ragowar yadi. Ta zuba 'ya'yan kunkuru shida a aljihun hagu, uwar giwa a na dama. Ta ce dole a tafi da ita, ita ce za ta gane 'yarta.

Na saba da kantin nan ranar Laraba, shiru, sai ƙarar firij. Na Asabar wata duniya ce daban. Ƙofar gilashin ba ta samun damar rufuwa. Kekunan kaya suna wucewa a jere kamar jirgin ƙasa. Sun tara buhunan shinkafa har kusan rufi, sun gina dala da gwangwanayen tumatir, ja zur, wadda in ka zare ɗaya ban san abin da zai faru ba. Fitilu a sama layi-layi har inda ido ya gaji. Ga ƙamshin burodi daga dama, ga sanyi yana busowa daga hagu. Saman layin biya kuwa sun rataye wata ƙatuwar giwa ta iska da 'yarta a gefe, suna lilo a hankali. Ɗigo ta tsaya cak, bakinta a buɗe.

"Umma, a nan suke zaune?"

"Da alama."

Ni ma fa kallon nake. Na riƙe hannunta gam.

Teburin musaya yana can ƙarshe, kusa da sashen sanyi. Ni na zaci yara zan tarar. Yara suna nan, amma manya sun fi su zafi. Wani mai kwat yana riƙe da takarda yana soke abin da ya samu. Wasu mata biyu suna ja-in-ja a kan ɗan dorina kamar gado ake rabawa. A tsakiyar teburin kuwa wata tsohuwa ce zaune a kujerar da ta zo da ita daga gida, da gilashi a kan hanci, ta baje dabbobi a kan farin ƙyalle, kowace iri a layinta. Kowa Hajiya yake ce mata, kowa kuma da ladabi yake matsowa.

Muka kutsa. Ɗigo ta zube kunkurunta shida a gaban tsohuwar.

"Ina son 'yar giwa."

Hajiya ta dube su ta saman gilashi. "'Yar nan, kunkuru ko a ƙasa na gan shi ba na sunkuyawa. Jikokina goma sha ɗaya, kowa yana da huɗu."

"Hajiya, a taimaka," na ce. "Ita kaɗai ta rage mata."

"Ita kaɗai ta rage wa kowa. Guda ɗaya ake sakawa a kowane kwalin ledoji. Uku na taɓa riƙewa, ta ƙarshen ma na bayar makon jiya." Ta yi tsaki mai daɗi. "Wani dogo ne ya ishe ni. Asabar biyar yana zuwa yana tsugunna min a nan kamar mai neman gafara. Na ce ba na son raƙumin dawansa. Ya ce me nake so? Na ce firij ɗina shekara biyu yana kuka kamar akuya. Ya bi ni har gida, ya kwanta a ƙasan kicin ɗina awa uku. Yanzu ko numfashinsa ba ki ji."

Na ce a raina, masu gyaran firij ai ba ɗaya ba ne a duniya.

"'Yarsa ce take so?" na tambaya.

"Haka na tambaye shi. Ya ce tukuna dai, ana addu'a." Ta gyara gilashi. "Abin haushin, ya karɓa bai kai mata ba. Wai uwar ta kafa masa doka. Ga shi can ma, ki tambaye shi da kanki, ko ya sayar miki."

Ɗigo ta kwashe kunkurunta ta mayar aljihu. Na juya.

Yana tsugune a gaban dogon firij ɗin madara, cikin shuɗiyar rigar aiki, da kati rataye a wuya. Bai gan mu ba. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen, ya kara kunne, ya rufe ido. Duk hayaniyar nan, kekuna, yara, lasifika tana sanar da rangwamen sabulu, shi yana sauraron wani abu da babu mai ji sai shi. Can ya buɗe ido, ya zaro ƙaramin sukundireba, ya juya wani abu sau ɗaya, rabin juyi. Wata rawa da gilashin yake yi, wadda ban ma lura da ita ba sai da ta tsaya, ta tsaya. Ya shafa firij ɗin sau biyu kamar mai lallashin doki.

Wata huɗu ina ganin mutumin nan a falo yana haɗa gumi yana neman abin faɗa. Ban taɓa ganinsa a inda ya iya ba.

Wata mai karɓar kuɗi da ta zo shan ruwa ta ga inda nake kallo. Na san ta, ita ke ba ni leda ranar Laraba. Ta ce, "Injiniyanmu ke nan. Kin san abin dariya? Kwalayen ledojin nan a bayan ɗakin sanyi ake ajiye su, makullin yana aljihunsa. Mu nan har mun gane ledar 'yar giwa, ta fi sauran kumburi ta gefe. Na ce masa in zaro maka ɗaya mana. Ya ce a'a, an hana ma'aikata. Sai ya tashi aiki ya cire kati, ya canja riga, ya bi layi kamar kowa, da sayayyar tsofaffin gidan da yake haya." Ta girgiza kai. "Kunkuru ya yi ta samu, bawan Allah."

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. Ya ɗago, ya gan ni, ya miƙe da sauri har kansa ya bugi murfin firij.

"Maman Ɗigo. Ai ke 'yar Laraba ce."

"Wa ya gaya maka?"

"Ina ganinki ta tagar ɗakin sanyi. Ban taɓa fitowa ba, kin ce kada mutuniyar ta gan ni tukuna." Ya dubi ƙasa, inda Ɗigo ta ɓuya a bayan rigata. Bai matso ba.

"Ta ina ka san zancen giwa?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai ranar da kika turo min saƙon murya, daƙiƙa shida, kika ce kun tashi lafiya. A bayanki ana kuka ana cewa kunkuru ne kuma. Na saurara da yawa." Ya kawar da kai. "Ba don kukan kaɗai ba."

Na ja mayafi na gyara abin da bai karkace ba.

Ya zuge aljihun ƙirjinsa, ya fito da wani ƙyallen goge gilashi a ninke, ya buɗe. Ga ta nan. Ƙarama, ruwan toka, kunnuwanta kamar ganye, ta ɗaga hancinta sama a lanƙwashe. Ɗigo ta saki rigata. Ta matso, idonta a kan tafinsa.

Ya dube ni. "Doka tana nan?"

"Tana nan," na ce, don bakina ya riga hankalina.

"To." Ya tsugunna, ya daidaita tsawonsa da nata. "Hajiya ƙarama, ni ba na kyauta, an hana ni. Amma nan wurin musaya ne. Me kike da shi?"

Ɗigo ta zaro kunkuru ɗaya, tana kallonsa da shakka. "Tsohuwar can ta ce ba ta sunkuya masa."

"Ita ba ta san darajarsa ba. Ni tara gare ni, na goma nake nema su cika."

"Biyu zan ba ka."

"Ɗaya ya isa. Kada ki karya kasuwa."

Ta ajiye kunkurun a tafinsa, ta ɗauki 'yar giwar da yatsu biyu. Sai ta fito da uwar daga aljihu ta haɗa su. A nan na ga abin da ban sani ba duk wata biyun nan: wutsiyar uwar tana da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, hancin 'yar kuma an yi shi daidai wurin. Ɗigo ta saƙala, suka kama juna da ɗan sauti, ƙyas. Ta ɗaga uwar sama, 'yar ta biyo ta tana lilo, ba ta faɗi ba. Ashe tun farko haka aka ƙera su. Mu uku muka tsaya muna kallo a gaban firij ɗin madara, mutane suna kewaye mu da kekuna.

Sannan 'yata, wadda ba ta gaida baƙo sai an matsa mata, ta dube shi ido cikin ido.

"Kai ne za ka tafi da Ummata?"

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Shi kuwa bai yi dariya ba.

"In ta yarda."

"Ni a gidan Inna za a bar ni."

Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta canja. "Wa ya ce?"

"Ba kai ka ce ba?" na tambaya, muryata a ƙasa.

"Ni?" Ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya fito da waya. Ya miƙo min. Hoton wani ƙaramin ɗaki ne, an yi masa fenti ruwan ƙwai, da ɗan gado, da taga mai ƙarfen kariya. A jikin bango an kafa katako ƙasa-ƙasa, daidai tsawon hannun yaro. A kansa kunkuru tara a jere.

"Tun wata biyu," ya ce. "Na gaya wa Yayanki. Ya ce in bari tukuna, Inna ba ta son a tayar da zancen. Ni kuma na ga kin ɓoye min ita, na ce ko ba ki yarda da ni ba ne, sai na ja bakina."

Na daɗe ina kallon katakon. An goge bakinsa, babu kaifi. Irin abin da ni zan duba ke nan, kuma ya riga ni dubawa.

Lasifika ta kira shi zuwa sashen kifi. Ya karɓi wayarsa, ya sa kunkurun a aljihun da giwar ta fito, ya zuge.

"Ba sai kin ce komai a nan ba," ya ce. "Sanyi ya yi yawa a wurin nan, mutum yana iya faɗin abin da bai shirya ba."

A hanyar gida Ɗigo ba ta bari giwayen sun taɓa aljihu ba. Ni kuwa tunani ɗaya nake juyawa: in ba shi ya ce ba, to Inna ce. Me ya sa?

Amsar tana jirana a gida. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe, ta janye akwatunanta daga lungun taga, wurin da shekara da shekaru ba ta bari a taɓa. Ta shimfiɗa ƙaramar katifa, sabon zanen gado mai furanni, ta ɗora ɗan matashi. Tana tsaye tana daidaita shi, ta matsar dama, ta dawo da shi hagu. Tun rasuwar Baba ita kaɗai take kwana a ɗakin nan. Ban taɓa tsayawa na sa ta a lissafi ba.

Ɗigo ta ruga ta ɗaga mata giwayen. "Inna, duba. An samo ta. Ba sa rabuwa, ko an girgiza."

Ta girgiza. Ba su rabu ba.

Inna ta dubi abin, ta dube ni. Ta gane daga ina muke, ban san ta yaya ba.

"Kin gan shi ke nan."

"Na gan shi, Inna. Ya yi mata ɗaki." Na matso kusa da ita. "In zan tafi, tare za mu tafi."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna a bakin ƙaramar katifar, ta ɗora matashin a cinya tana shafawa. Ɗigo ta tsaya tana kallonta, sannan ta juye aljihun hagu, kunkuru biyar suka zubo a kan sabon zanen.

"Ki riƙe min su a nan. Duk Asabar zan zo in ƙirga. In ɗaya ya ɓata ke ce."

Inna ta ɗauki ɗaya, ta kai shi kusa da ido, ta juya shi. Ta daɗe. Ta share gefen idonta da bakin ɗankwali kamar wani abu ne ya faɗa.

"Har da farce suka yi masa," ta ce.

Sannan, ba tare da ta dube ni ba: "Amsar ba ta hannun Yayanki za ta bi ba. Ki ce ya zo gobe da la'asar, shi kaɗai, ban da Yayanki. Mai son ya ɗauke min mutum biyu a rana ɗaya, ni zan yi masa tambayoyina."

Na fito tsakar gida na rubuta masa. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo: "Zan zo. Firij ɗin Inna yana da wata matsala?"

Na waiwaya kicin. Wallahi firij ɗin yana kuka.